Yaƙin Ciwon Barci da Gidan Bincike na Kaduna

A Unguwar Rimi, arewa da kogin Kaduna, bisa Hanyar Surame, akwai wani gidan Gwamnati wanda ba kowa ya san aikinsa ba. Shi ne gidan binciken ciwon barci da sammore. An kafa shi cikin 1947, aka buɗe shi cikin 1951, domin amfanin ƙasashen Afirka ta Yamma waɗanda ke hannun Ingila a zamanin nan. Wanda ke so ya gane dalilin kafa shi, sai ya fara sanin irin ɓarnar da ciwon ya yi.

Ciwon barci tsohon ciwo ne. Malam Ibn Khaldun ya ba da labarin wani Sarkin Mali, Mari Jata, wanda barci ya riƙa kama shi ba dare ba rana har shekara biyu, ya rasu wajen 1373. Amma ba wanda ya san mafarin ciwon sai cikin 1901, sa'ad da aka kawo wani Bature mai aikin jirgin ruwa asibiti a Gambiya. Aka zaci zazzaɓin sauro ne, aka yi ta ba shi kwini, bai ji sauƙi ba. Likita Forde ya ɗibi jininsa ya sa a madubin likita, wanda ke girmama ƙanƙanen abu, sai ya ga waɗansu 'yan halittu suna wutsil-wutsil kamar tana. Cikin 1903, a ƙasar Yuganda, aka tabbatar ƙudan tsando ke ɗaukar ƙwayar nan daga jikin wani ya kai jikin wani. Dangin ƙwayar ne ke sa wa shanu da dawaki sammore.

Abin da ya sa ciwon nan ya fi wuyar sha'ani shi ne ba ya zuwa da gaggawa. Da fari sai ɗan zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a bayan wuya, mutum yana noma abinsa. Bayan watanni, ko ma shekaru, ƙwayar ta shiga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan halinsa ya sāke, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, da dare ya kasa barci, da rana kuwa ya yi gyangyaɗi da loma a hannu. Dangi su ce iska ce, ko sammu. In ba a yi magani ba, galibi ƙarshensa mutuwa.

To, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka ƙare a ƙasar Arewa, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka yi gonaki a bakin rafuka, inda tsando ke zaune cikin inuwar kurmi. Ga hanyar jirgin ƙasa, ga haƙar kuza a Jos, ga Kaduna kanta wadda ta zama hedkwata cikin 1917, lebura na zuwa daga ko'ina yana komawa gida da abin da ya ɗauko. Zaman lafiya ya buɗe wa fatake hanya, ya buɗe wa ciwo. Kafin 1930 abin ya zama annoba.

Gwamnati ta kafa Ma'aikatar Ciwon Barci, Likita Lester ya shugabance ta. Amma likitoci 'yan kaɗan ne ƙwarai, ƙasa kuwa ga faɗi. A lokacin nan ko ɗan Arewa guda bai gama karatun likita ba, gama Likita Barau Dikko, wanda shi ne na fari, yana makaranta tukuna. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki samari masu ɗan ilmin boko a koya musu abu kaɗan, amma su iya shi sarai: laluben wuya, tsotso ruwan kaluluwa da allura, gane ƙwaya a madubi, da yin allura cikin jijiya. Likita guda ya fita da ƙungiyarsu. Hakimi ya aika wa dagatai, dagatai su tara jama'a a gindin itace, a bi su ɗaya ɗaya, babba da yaro. Daga 1931 zuwa 1940 an duba mutum fiye da miliyan 3, aka sami kusan 400,000 da ciwon. Littattafai sun riƙe sunayen likitoci. Amma yawancin wuyan nan, yatsun malaman ne suka laluba.

Kada mai karatu ya zaci jama'a sun yi ta murna. Maganin zamanin, wanda ake kira tiriparsamaid, da guba aka haɗa shi, allurarsa ba ɗaya ba ce, sai an yi makonni ana zuwa, kuma yakan makantar da waɗansu. Mutumin da yake jin kansa garau, aka ce ya bar gona ya zo a huda shi, ba abin mamaki ba ne in ya ɓuya a rumbu. Cikin 1949 aka sami wani magani, melasofurol, mai warkar da wanda ciwon ya riga ya kai masa ƙwaƙwalwa, amma shi ma cikin mutum 20 yakan kashe kamar guda. Don haka sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an duba tukuna, a san ko ciwon ya kai matsayin da za a yi wannan kasada.

Da aka ga allura kaɗai ba ta isa ba, gama wanda ya warke rafin nan zai koma, sai aka juya kan ƙudan. A Anchau ta ƙasar Zazzau, daga 1937, wani masanin ƙwari mai suna Nash ya sa aka sare kurmin bakin rafuka a wani yanki mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, don tsando ba ya jure rana. Aka tayar da mutum wajen 5,000 aka zaunar da su a sababbin wurare, aka gina rijiyoyi, aka kafa sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya. Ciwo ya ja da baya ƙwarai. Sai dai wani malami Ba'amurke, Horace Miner, wanda ya zauna a can ya rubuta abin da ya gani cikin 1960, ya tarar mutane na sassabe kowace shekara don umurnin Sarki ne, da yawansu ba su yarda ƙuda ke kawo ciwon ba. An koya wa malamai duban madubi, amma ba a zauna an nuna wa manomi abin da ke ciki ba.

Wannan aiki duka shi ya haifi gidan nan na Unguwar Rimi. Kanar Mulligan ya fara shugabancinsa, Nash ya gaje shi. A Kaduna aka zauna kan halin tsando da ciwon mutane, reshen Vom kuwa ya ɗauki na dabbobi. Cikin 1964 gidan ya koma hannun Nijeriya ita kaɗai.

Yanzu ciwon ya yi ƙaranci. Cikin 2018 waɗanda aka samu da shi a duniya duka ba su kai 1,000 ba, an kuma sami magani na haɗiya, ba allura. Amma ƙarancin nan ya zo da tasa wahala, gama likita na iya gama karatunsa bai taɓa ganin mai ciwon barci ba, in ya gamu da shi ya ce zazzaɓi ne ko taɓin hankali. Cikin 2014 likitocin London suka ba da labarin wani mutumin Saliyo da ciwon ya tasar masa a Ingila, alhali rabonsa da ƙasar tsando shekara 29.