Bayani kan horar da ma'aikatan lafiya a bakin aiki a Karaye da Rogo

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da ke yammacin jihar Kano, wanda marar lafiya ya fi tararwa a asibitin sha-ka-tafi shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, wato wanda ake kira CHEW, ko kuma malamin asibiti a bakin jama'a.

Shi ke auna zazzaɓi, shi ke allurar riga-kafi, sau da yawa kuma shi ke duba mai juna biyu, domin likitoci sun fi taruwa a birni.

Asalin tsarin

Wannan rukuni na ma'aikata ya samo asali ne daga shirin kiwon lafiya a matakin farko na shekarun 1970, ya kuma ƙara ƙarfi lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992.

A 1992 aka kafa hukumar yi musu rajista. Karatun CHEW shekara uku ne, na ƙaramin mataki kuma shekara biyu, a makarantu irin su makarantun fasahar kiwon lafiya na Kano da Bebeji.

Suna aiki ne da wani kundin ƙa'idoji da ya fayyace abin da za su yi da kansu, da kuma lokacin da ya wajaba su tura marar lafiya gaba.

Ƙarin nauyi

A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, bayan shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Manufar ta ba CHEW damar yin wasu ayyukan da a da ungozoma ko nas kaɗai ke yi, kamar karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, da ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da sanya ashanar tazarar haihuwa a dantse.

Sai dai akwai sharaɗi: sai an horar da ma'aikacin, kuma wani ƙwararre na bin sawun aikinsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Hanyar da aka saba ita ce a tara ma'aikata a birni na 'yan kwanaki, a yi musu lacca, a biya su alawus. Amma daga Rogo, wadda ke iyaka da jihar Kaduna, zuwa birnin Kano tafiya ce mai nisa, kuma inda ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da asibiti, tafiyarsa na nufin rufe ƙofa.

Ban da haka, karɓar haihuwa aikin hannu ne, ba ya zama a kai ta hanyar lacca kawai. Shi ya sa masana ke fifita ungozoma ta je asibitin da kanta, ta tsaya kan ma'aikacin yana yi tana gyara masa, ta kuma sake komawa bayan 'yan makonni.

Wa zai biya?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikata.

A 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta gudanar da zagayen farko na shirin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 a faɗin ƙasar.

A Kano, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ce ke da alhakin bibiyar waɗannan asibitoci. Bibiyar kuwa na buƙatar mota da man fetur, da ungozomar da za a iya ɗagawa daga babban asibiti ba tare da an bar ɗakin haihuwa babu kowa ba, musamman da damina lokacin da hanyoyin karkara ke lalacewa.