Karkade: Zoɓon Masar da abincin da ya fi dacewa da shi

Unguwar Abbasiyya da ke birnin Alƙahira ta samo sunanta ne daga Abbas Hilmi na Ɗaya, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854. A nan Jami'ar Ain Shams take, a nan kuma Madinatul Bu'us take, wato masaukin ɗaliban Jami'ar Azhar da suka zo daga ƙasashen waje, ciki har da 'yan Nijeriya da Nijar. Ɗalibin da ya sauka a unguwar yakan tarar da wani jan abin sha a shagunan shayi da na masu lemo, ana kiransa karkade. Zoɓo ne, sai dai haɗin ya bambanta da na gida.

Tsiron ɗaya ne da yakuwar da ake miya da ganyenta a ƙasar Hausa. Jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwanson 'ya'yanta ake ɓarewa a shanya, shi ne zoɓorodo. A Masar, wanda ake nomawa a Aswan, can kudancin ƙasar, ya fi suna, sai kuma na Sudan, musamman na yankin Kordofan. A Nijeriya, Jigawa na kan gaba wajen nomansa, kuma Mekziko ce babbar kasuwarsa a waje. A Senegal sunansa bisap.

Bambancin yana wajen haɗi. Misirawa sukan jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, ko su tafasa shi kaɗan, sannan su zuba sukari kawai. Da rani a sha da ƙanƙara, da hunturu a sha da zafi kamar shayi. Uwargida a Kano ko Maraɗi kuwa sai ta haɗa da citta da kanumfari, wani lokaci da masoro da ɓawon abarba.

Wannan ne ke nuna abincin da kowanne ya dace da shi. Ƙarfin karkade yana cikin tsaminsa, kuma tsami ne ke wanke maiƙo daga baki. Shi ya sa yake tafiya da hawawshi, gurasar da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa a gasa, haka ma kofta da kabab. A teburin buɗa-baki na watan Ramadan, inda yake zama tare da ruwan tsamiya da sobiya, yakan rage nauyin zaƙin kunafa da basbusa, muddin ba a cika masa sukari ba. Da koshari kam bai cika armashi ba. Wannan haɗin shinkafa da taliya da adas ya riga ya zo da miyar tumatir da ruwan khal mai tafarnuwa, don haka tsami ne a kan tsami.

A kan abincin gida ma ƙa'idar ba ta sauya ba. Tsire da kilishi sun riga sun sha yaji, saboda haka zoɓo marar citta, irin na Misirawa, ya fi sanyaya baki a kansu. Mai kayan ƙamshi ya fi dacewa da masa ko balangu mai kitse. Turkawa ma suna da makamancin wannan a Adana, inda ake cin kabab da shalgam, jan abin sha mai tsami da gishiri da ake yi da baƙin karas.

Akwai maganar da ta yaɗu a Masar cewa mai sanyi yana saukar da hawan jini, mai zafi kuma yana ɗaga shi. Binciken da masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a 2010 ya duba mutum 65. Waɗanda suka sha kofi uku a kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta ragu da kusan maki 7, kuma da tafasasshen ruwa aka haɗa musu shi. Mai shan maganin hawan jini ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da zoɓo abin shan yau da kullum. Mai ciwon suga kuma ya roƙi mai shago a Abbasiyya ya ba shi sukarin daban, domin hannun Misirawa yana da nauyi a nan.