Faifan Haɗaka da Kiɗan da Rediyo Ta Ƙi

A 1988 aka fitar da wani faifai a Turai mai suna This Is Electronic Body Music. Ba na ƙungiya ɗaya ba ne. An tattaro mawaƙa daga ƙasashe dabam-dabam, irin su Front 242 na Beljiyam da Skinny Puppy na Kanada, kowa da waƙarsa. Daga wannan tsatson ne kiɗan ilektiro-indastiriyal ya tsiro: kiɗan na'ura mai amo kamar ƙarar masana'anta, da murya a shaƙe kamar ana magana ta cikin bututu.

Manyan gidajen rediyo ba sa saka shi, faifan da aka shigo da shi daga waje kuma tsada gare shi. Matashi ba zai zuba kuɗinsa kan ƙungiyar da bai taɓa ji ba. Faifan haɗaka ya raba wannan gardama: kuɗi ɗaya, ƙungiyoyi goma ko fiye. Wadda ta kwanta maka, sai ka nemi faifanta. Ƙananan kamfanoni suka gane haka. A Jamus, Zoth Ommog ya yi jerin Body Rapture, daga baya Dependent ya zo da Septic. Ga sabuwar ƙungiya, samun gurbi kusa da wani babban suna ya fi kowace talla.

Ni da nake rubuta manhaja, abin da ya fi jan hankalina shi ne mutum ne yake zaɓe, da kunnensa da son ransa. Lissafin da ke zaɓa mana waƙa a waya yau yana kawo abin da ya yi kama da wanda muka saba ji. Mai haɗa faifai kuwa yakan cusa maka abin da ba ka nema ba, a waƙa ta bakwai.

Wani lokacin faifan yakan zama ajiyar tarihi. Wax Trax! na Shikago ya karye a 1992, TVT ya saye shi. A 1994 aka fitar da Black Box, faifan CD uku da suka tattara shekarunsa 13 na farko. Jim Nash, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin, ya rasu a shekarar da ta biyo baya.

Da yawa daga tsofaffin faifan haɗaka ba sa kan manhajojin sauraro, domin haƙƙin mallakar waƙoƙin ya warwatsu a hannun kamfanonin da suka rufe. Ƙungiyar da duk abin da ta bari waƙa ɗaya ce a irin wannan faifai, sai dai a neme ta a kasuwar gwanjo.