BABI NA BIYU: TARIHIN AUNA HARSHEN YARO DA BASIRARSA KAFIN SHIGA FIRAMARE

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka faro auna harshen yaro da basirarsa kafin ya shiga firamare, domin a gano manufar awon tun asali da kuma inda aka kauce mata.

2.1 Mafarin Awon a Faransa

A shekarar 1904 gwamnatin Faransa ta kafa kwamiti don duba matsalar yaran da karatu ke yi wa wuya. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwaji mai matakai 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ciki har da faɗin sunan abin da ke cikin hoto da maimaita jimla. A gyaran 1908 aka jera tambayoyin bisa shekaru, tun daga ɗan shekara uku. Manufar Binet ita ce a gano yaron da ke buƙatar taimako a taimake shi, domin a ganinsa basira tana ƙaruwa da horo.

2.2 Bunƙasarsa a Amurka

A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin Binet, ya dace da yaran Amurka. A 1925 Arnold Gesell na Jami'ar Yale ya fitar da ma'aunin girman ƙananan yara ta fuskoki huɗu: motsin jiki, da harshe, da dabara, da cuɗanya da mutane. A 1959 Lloyd Dunn ya fito da gwajin Peabody, inda mai gwaji zai faɗi kalma, yaro ya nuna ta cikin hotuna huɗu. Bayan an kafa shirin Head Start don 'ya'yan talakawa a 1965, buƙatar irin wannan awo ta ƙaru. A 1967 David Wechsler ya fitar da gwaji na musamman don 'yan shekara huɗu zuwa shida da rabi.

2.3 Matsalar Harshe da Al'ada

Waɗannan gwaje-gwaje an gina su ne bisa harshe da al'adar masu shirya su. Saboda haka yaron da ya kasa amsa tambaya, wataƙila kalmar ce baƙuwa gare shi, amma sai a rubuta shi cikin daƙiƙai. A 1979 wata kotun tarayya a Kalifoniya, a shari'ar Larry P., ta hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu rauni.

A ƙasar Hausa kuwa, an daɗe ana sa yaro ya ɗora hannu bisa ka ya taɓa kunnensa kafin a ɗauke shi makaranta. Wannan girman jiki kawai yake aunawa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaran naziri da harshen uwa ko na al'ummar da suke ciki, wanda hakan ke nuna da shi ya kamata a auna su.

2.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa awon ya faro ne don taimako, daga baya aka riƙa yanke wa yara hukunci da shi. Babi na gaba zai duba yadda za a auna ɗan Bahaushe da harshen da ya tashi da shi.