Daga Jan Tawada Zuwa Majigi

'Yan'uwa, gardama ta yi yawa a Batha kan karatun yaranmu. Waɗansu dattawa sun ce hoto da sinima wasa ne, ba ilmi ba. To, bari mu waiwaya baya kaɗan.

Ku ɗauko Alƙur'anin hannu irin wanda kakanninmu suka ratso Sudan da shi a cikin gafaka. Baƙaƙen da baƙar tawada aka rubuta su, wasulla da ja, hamza kuwa ɗigon rawaya. Malaman Kano da Barno ba don ado kaɗai suka yi haka ba, sun san ido yana taimakon ƙwaƙwalwa. Yaron da harafi ya gagare shi, launi yakan fisshe shi.

Da boko ya zo, Magana Jari Ce ta Malam Abubakar Imam ta fito a Zariya a 1937 da zane-zane a ciki. Sa'an nan ga majigi. Mota takan tsaya a ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, tafinta yana bayani da Hausa, ana nuna tsabta da rigakafi da noma, kamar wasan Baban Larai. Ba mu ce majigi ba shi da aibi ba, gama Turawa sun cusa nasu buƙatun a ciki. Amma manomin da bai san ko bihim ba ya koma gida da abin da ya gane, tun kafin ajin Yaƙi da Jahilci ya iso ƙauyensu.

Nan ma an sha wannan gardama. Da aka buɗe talabijin a Riyad a 1965, sai da aka zub da jini a kansa. A 2020 kuwa, da annoba ta rufe makarantu, ta Madrasati da tashoshin Ain 'ya'yan ƙasar suka yi karatu.

Abin da ya dame mu shi ne jikokinmu. Larabci ya zauna a bakinsu, Hausa tana ficewa, rubutun boko kuwa kaɗan ne suke iya karanta Hausa da shi. Amma a nuna musu hoton turmi da taɓarya, su ji muryar kaka tana faɗin sunan, sai ka ga sun riƙe. Dattawan da za a ɗauki muryarsu kuwa kowace shekara raguwa suke yi.