Mary Ainsworth

Mary Ainsworth (1913–1999) masaniyar halayyar ɗan Adam ce, haifaffiyar jihar Ohio ta Amurka, wadda ta yi fice wajen nazarin shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa. Ta yi aiki da wani masani mai suna John Bowlby a Landan kafin ta tafi Yuganda a 1954. A can ta riƙa ziyartar gidaje 26 na ƙabilar Baganda a ƙauyukan kusa da Kampala, tana lura da yadda iyaye mata ke reno. Ta gano cewa jaririn da uwarsa ke saurin fahimtar kukansa da buƙatunsa ya fi samun natsuwa. Ta wallafa sakamakon a 1967. Binciken da ta yi daga baya a birnin Baltimore na Amurka ya ƙarfafa wannan sakamako.