Yadda cajin waya ya koma cikin mota a Diffa

Jama'ar Diffa, da yawanmu mun tuna zamanin ƙananan Nokia, tun Celtel bai zama Zain ba, balle Airtel a 2010. Caji ɗaya sai ya yi kwanaki. In batir ya kumbura, a ɓalle murfi a sa sabo, shi ke nan.

A Fabrairun 2015, bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa, dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur. Zuwa Geskeru ko gonakin tattasai na bakin Komadugu ya koma sai a mota, daidai lokacin da manyan wayoyi masu WhatsApp suka fara cika hannunmu. Kuran kuwa ba tabbas. Sai kowa ya miƙa wa direba tasa: "Malam, ɗan soka min."

To, batirin lithium ba ya son zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu ko a inuwa muna haura 40. Waya a gaban gilashi, rana na dukanta, caji na ƙara mata zafi, ga caja ta araha da ba ta daidaita wuta in an tada inji. Haka batir ke tsufa da wuri. Na yanzu kuma manne yake a ciki, sai an kai wa mai gyara.